Yadda Ake Auna Fim Ɗin Tarihi Mai Batsa Kafin a Haska Shi a Coci

Inda shugabannin matasa suka fi faɗuwa a nan Katsina shi ne kalmar "ai tarihi ne". Da zarar wani ya faɗe ta, sai a ɗauka an wanke fim ɗin. A karɓo shi a filashi wurin masu tura fim ranar Juma'a, Asabar da yamma a ja janareta a kunna majigi a harabar coci, ba wanda ya kalle shi tukuna. Ana cikin kallo sai ga ɗakin kwana a bango. Mama ta zumuntar mata ta ja gyale ta rufe fuska, mai riƙe da kwamfuta yana lalube, Baba Fasto ya miƙe ya fita bai ce uffan ba. Daga ranar an hana majigi a cocin, har fim mai amfani ya sha dukan da ba nasa ba.

Ka fara da bincike tun kafin ka kashe data. Alamar shekaru kaɗai ba ta isa ba. A Amurka harafin R na nufin wanda bai kai 17 ba sai da babba, a Ingila kuma akwai 15 da 18, amma alamar ba ta gaya maka dalili. The Passion of the Christ na 2004 R ne saboda jini da duka, wani fim kuma R ne saboda tsiraici. Ɗan layin da ke ƙarƙashin harafin shi za ka karanta. Sannan ka buɗe sashen Parents Guide (jagorar iyaye) a IMDb, shafin bayanan fina-finai a intanet, ko shafin Kids-In-Mind mai ba da maki har zuwa 10 a fanni uku: batsa, zubar da jini da ashar. Shafin Plugged In kuma Kiristoci ne ke rubuta shi, sai dai da ma'aunin Amurka suke awo, abin da suka kira ɗan kaɗan yana iya tada taro a wurinmu. Ka dubi sunan fayil ɗin da aka tura maka. In ka ga unrated ko extended, to an mayar da abin da aka yanke, kuma bayanin da ka karanta bai shafi wannan kwafin ba. Gwada tsawon mintocinsa da wanda aka rubuta a intanet, nan take za ka gane.

Daga nan sai kallon gwaji. Mutum biyu manya, da rana, ƙofa a buɗe. Kada a ba saurayi ɗaya ya je ya "tace" da dare a wayarsa, wannan ajiyar nama ce a wurin kura. Ku ɗauki takarda ku ja layi biyu ta zama gida uku: minti nawa, me aka nuna, me labarin zai rasa in an cire. Gida na uku shi ne aikin, kuma shi ake yawan barin sa fayau.

A nan masu farawa suke rabuwa biyu, duka kuma suna kuskure. Wasu suna ƙirga tsiraici kamar ana ƙirga buhu, in ya kai uku fim ya faɗi. Wasu kuma su ce ai Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye zina ba. Gaskiya ne bai ɓoye ba, amma dubi yadda yake faɗinta. A 2 Sama'ila 11, abin da Dawuda ya yi da Batsheba aya ɗaya ce, ta 4. Sauran surar duk ƙoƙarin rufa-rufa ne da kisan Uriya, ta kuma ƙare da cewa abin bai gamshi Ubangiji ba. Sura 12 Natan ya zo, sura 13 Amnon ya ɓata Tamar, daga 15 zuwa 18 tawayen Absalom. Aya ɗaya ga zunubin, surori ga abin da ya haifa. Wannan rabon shi ne ma'aunin da za ka ɗora wa fim. Minti nawa ya ba aikin, minti nawa ya ba sakamakon?

Sai ka lura da kyamara, domin ita ce ke gaya wa ido inda zai tsaya. Ka tambayi kanka a wane daƙiƙa ka gane abin da ya faru. Sarki ya kira matar, an rufe ƙofa, ka riga ka gane. Duk abin da aka nuna bayan nan bai ƙara maka sanin tarihi ko ƙwayar zarra ba, wani abu dabam yake ciyarwa. Ka dubi haske, ka saurari kiɗa. In an sa fitila mai laushi da kiɗan soyayya a kan fyaɗe ko zina, fim ɗin yana gayyatarka ka so abin. In kyamara ta tsaya a fuskar wadda aka zalunta, ka ji cikinka ya murɗa, to tona asirin mugunta yake yi. Afisawa 5:11 ta ce a tone ayyukan duhu, aya ta 12 kuma ta ce abin kunya ne ko ambaton abin da ake yi a ɓoye. Dole mai auna fim ya riƙe ayoyin nan biyu tare.

Fim ɗaya yana iya ɗauke da iri biyun. Schindler's List na 1993 ya nuna Yahudawa an tuɓe su tsirara a sansani, ana sa su gudu a gaban likitoci don a ware masu ƙarfi daga waɗanda za a kashe. Ba mai hankalin da zai ji sha'awa a wurin, kuma in ka cire shi ka rage wa ƙasƙancin da aka yi musu nauyi. A cikin fim ɗin dai akwai wuraren gado waɗanda in ka tsallake su ba abin da ya ɓace, don an riga an nuna halin Schindler, mutumin da labarin yake kansa, da mata ta wasu hanyoyi. Hukuncinsu a takardarka ba zai zama ɗaya ba.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne duba ko abin ma ya faru. Sau da yawa wurin da ya fi batsa shi ne wanda aka ƙaga. A Braveheart na 1995 an nuna William Wallace, jarumin Scotland da ya yaƙi Ingila, yana soyayya da gimbiya Isabella ta Faransa, matar yariman Ingila, har ta ɗauki ciki. An kashe Wallace a 1305, lokacin Isabella yarinya ce ƙarama a Faransa, ba ta zo Ingila ba sai 1308. Wanda ya kare wurin da cewa tarihi ne, ƙarya ya kare. Binciken ba ya cin minti goma: sunan mutanen biyu, shekarar haihuwa, shekarar mutuwa. Kuma ƙazafi ga matacce ƙazafi ne, doka ta tara cikin Dokoki Goma, mai hana shaidar zur, ba ta ce sai mai rai ba.

In takarda ta cika, ku yanke hukunci biyu, kada ku gama su. Na farko, fim ɗin mai gaskiya ne? Na biyu, wa ya kamata ya gani? Fim zai iya cin na farko ya faɗi na biyu. Malamin tarihi ko ɗalibin makarantar Baibul zai iya kallon abin da ba za a haska wa 'yan makarantar Lahadi ba. Romawa 14 da 1 Korantiyawa 8 a kan haka suke: kana da 'yanci, amma kada ya zama sanadin tuntuɓe ga mai raunin lamiri. Wanda ya san yana fama da kallon batsa a waya kuwa, ba ruwansa da wannan muhawara, Matiyu 5:28 ta ishe shi, ya bari kawai. A ganina fim ɗin da ya buƙaci tsallake fiye da uku bai cancanci man janareta ba, a nemi wani.

Ranar haskawa, mai kwamfuta ya riƙe takardar mintocin a hannu, ya tsallake tun da saura daƙiƙa ashirin. Kada ya yi saurin gaba hoto na gudu a bango, ya rufe idon majigi da kwali tukuna. A gaya wa jama'a tun farko cewa an cire wasu wurare da dalilin cirewar, in ba haka ba samari za su je nemansu da kansu. A sanar da iyaye sunan fim ɗin tun Lahadin da ta gabata, dattawan ikilisiya su amince. A cikin ɗaki za a yi, a rage lasifika, domin yaran maƙwabta suna leƙe ta katanga, kuma abin da suka gani a bangon coci shi za su kai gida a matsayin abin da Kiristoci ke kallo. Uba da 'yarsa budurwa, ko suruki da suruka, kada a haɗa su benci ɗaya. Bayan an gama a bar minti ashirin na tattaunawa, sannan a goge fayil ɗin daga filashi kafin a mayar wa mai shi.