Yadda ake haɗa wa matasa kayan Halowin a gida da ɗan kuɗi kaɗan

Duk wanda yake zaune a Amurka ko Kanada ko Ingila ya san da zarar Oktoba ta kama shaguna sai su cika da kabewa da ƙwarangwal na roba, saboda daren 31 ga wata ne ake Halowin, bikin yin shigar ban tsoro da ya samo asali daga Ailan da Sukotland, 'yan ci-ranin can suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Gidajen musulmi da yawa ba sa shiga, wannan kuma kowa da tsarin gidansa. Amma in kun bar yaronku zai je fatin makaranta ko na abokai, to kar ku yi gaggawar shiga shagon kayan Halowin irin su Spirit Halloween ku biya dala 40 ko fiye kan wata riga mai shara-shara da za a sa dare ɗaya a jefar.

Abu na farko ku zauna da yaron ya zaɓa da kansa. Ɗan shekara 15 ba ya son shigar yara ƙanana, shi so yake in ya shigo a ce kai wane ne wannan, kuma in kuka zaɓa masa wallahi a mota zai cire. Sai ku buɗe wadrob ku fito da tsofaffin kaya, in babu a leƙa gwanjo, Goodwill a Amurka ko shagunan Oxfam a Ingila, a sayi wanda ya ɗan yi masa yawa domin ƙarshen Oktoba akwai sanyi, dole ya sa suwaita a ciki.

Shigar gawa mai tafiya, wato zombi, ita ta fi araha kuma ita matasa suka fi so. A samo tsohuwar shet mai haske da wando ko tsohon kwat. Kar a yanka da almakashi ƙat-ƙat, yana fitowa kamar aikin tela, a ɗan ɓula kawai sai a yaga da hannu, a goge gwiwa da wuya da bakin hannu da abin goga kuɓewa har zare ya fara zazzagowa. Daga nan a dafa ganyen shayi guda 8 zuwa 10 a tukunya ya yi baƙi sosai, a tsoma rigar ta yi kamar awa ɗaya, a shanya ba tare da an ɗauraye ba, za ta fito da kalar tsufa irin ta abin da ya daɗe a ƙasa, in an shafa mata ɗan gawayi a kafaɗa ma ya fi. Wannan ruwan shayin kar a zubar, shi ne na shigar gawar Masar mai naɗe-naɗe: a yayyaga tsohon farin zanin gado dogo-dogo faɗin yatsa huɗu, a rina, sai a ɗinke ko a manne a jikin farar riga da wando daban-daban. Masu naɗe yaro kai tsaye daga wuya har ƙafa sun manta zai shiga bayi.

Jinin ƙarya kuma a kicin ake yinsa. Cokali 3 na ruwan sikari mai kauri (corn syrup da ake sayarwa a can, ko zuma), ɗigo kaɗan na jar kalar abinci, da rabin ƙaramin cokali na garin koko. Kokon nan shi ne sirrin, in babu shi ja ne fau kamar alawa, shi yake sa ya yi duhu. A ɗiga a rigar tun kwana biyu kafin ranar, don yana da danƙo kuma yana ɓata kujera.

Ƙwarangwal ba wuya, baƙar riga da baƙin wando, a yanka farin salatif na takarda a jera haƙarƙari da ƙashin hannu da na ƙafa, shikenan.

Fuska ita ce rabin aikin, nan ya kamata a ɓata lokaci. Wanda ya taɓa yin tashe da azumi ya san auduga da gawayi kaɗai sun isa su mayar da yaro tsoho mai gemu, to dabarar ɗaya ce. A kwaɓa garin masara mai laushi da man shafawa a shafa sama-sama ya ba da fatar da ta koɗe, a zagaye ido da kwalli a murza da yatsa har ƙasan ido ya zurma, a ja layi a ƙarƙashin ƙashin kunci, leɓe a shafa masa hoda ya bushe. Ciwo kuma tishu ne a liƙa da gam ɗin gashin ido, in ya bushe a tsaga tsakiya a cusa janbaki da ɗan jinin nan. Amma a gwada komai a damtse kwana ɗaya kafin nan, matasa da yawa suna fama da ƙuraje, kuma fentin gini ko alƙalamin maka ba su da hurumi a fuska.

Fatalwa da farin zani da aka huda wa ido biyu tana da sauƙi, sai dai a Amurka a kula sosai kan fatalwar ya zama zagayayye, in ya yi tsini ya koma kama da shigar 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙar fata, wannan kuwa ba abin wasa ba ne. Haka bindigar roba da wuƙar wasa, makarantu da yawa sun hana, ni kam ko ba a hana ba ba zan bar yaro baƙar fata ya fita da dare da abu mai kama da bindiga ba. Gilashin ido mai kala da ake maƙalawa a ƙwayar ido shi ma a bar shi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce sai da takardar likita, na bayan fage yana iya raunata ido.

A gama da duba tsawon kayan kar ya riƙa jan ƙasa, don ana kunna kyandir a cikin kabewa a bakin ƙofofi kuma auduga da yadin leda suna kama wuta nan take. A manna masa salatif mai ƙyalli a baya saboda motoci, waya a cike da caji. In ya dawo a fara goge fuskar da man kwakwa ko Vaseline kafin sabulu, rigar kuma a ƙulle ta a leda ita kaɗai, jar kalar nan tana zuba a wanki.