Kurakuran da aka fi yi a fawaliftin da yadda za a gyara su

Akwai wani yaro a gidan ɗaga ƙarfen da nake zuwa, kwanaki ya zo min da murnarsa wai ya yi skwat da kilo 180. Na ce to bismillah mu gani. Ya shiga ƙarƙashin ƙarfen ya ɗan rusuna kaɗan ya miƙe, abokansa suna ta ihu. Wallahi sai na ji ba daɗi, don yaron yana da ƙarfi sosai amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa a gasa alƙalai uku ne a zaune, kuma wannan tsugunon nasa duka ukun jar fitila za su kunna masa, wato ba su yarda da ɗagawar ba.

Fawaliftin ɗagawa uku ce kawai, skwat (tsuguno da ƙarfe a kafaɗa) da benci (tura ƙarfe daga ƙirji a kwance) da dedlif (ɗago ƙarfe daga ƙasa), kowacce ana ba ka dama sau uku, a haɗa mafi nauyi da alƙalai suka yarda da shi. A dokar IPF, hukumar fawaliftin ta duniya wadda aka kafa a 1972, skwat bai cika ba sai mahaɗar cinya da ƙugu ta sauka ƙasa da saman gwiwa. Gyaran da ciwo amma ba wahala, ka cire faifai biyu ko uku, ka jingina wayarka a gefe daidai tsayin gwiwa ka ɗauki bidiyo, don abin da jikinka ke gaya maka daban, abin da ido ke gani daban. In gwiwoyinka suna faɗowa ciki lokacin tashi ka tura su waje su bi yatsun ƙafa. Kuma don Allah a daina skwat da kambas mai laushin ƙasa irin na gudu, gara ma ka yi ba takalmi.

Numfashi kuwa nan ne na fi ganin ɓarna. Mutum zai ɗaure bel tamau kamar shi ne zai riƙe masa baya, sannan ya ja iska a ƙirji ya sauka, kafin ya kai ƙasa ya sake ta. Ba haka ake ba ɗan'uwa. Iskar a ciki ake cika ta, ka ji cikinka da haƙarƙarinka har bayanka sun kumbura suna tokarar bel ɗin kamar wani zai naushe ka, ka riƙe ta ka sauka ka taso, sai ka wuce wurin da ya fi wuya sannan ka huce. Bel bango ne da ciki ke turawa, in ba ka iya turawar ba ko na dubu nawa ka saya ba abin da zai tsinana maka. Mai hawan jini dai ya fara ganin likita kafin ya shiga riƙe numfashi da nauyi.

A benci matsalar ita ce buga ƙarfe a ƙirji ya yi tsalle, ga ɗuwawu ya tashi sama. A gasa sai ƙarfen ya tsaya cak a ƙirji, alƙali ya ba da umarni, sannan ka tura. Ka kalli 'yan Najeriya masu buƙata ta musamman da benci kaɗai suke yi, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a gasar Paralympics ta Paris a 2024 ta ci zinare, Onyinyechi Mark ta ɗaga 150, a kwance ƙafafu a miƙe kan benci babu tokara ƙasa, duk da haka ƙarfen sai ya nutsu a ƙirji kafin ya tashi. Ka matse allon kafaɗunka baya da ƙasa kafin ka ciro ƙarfen, babban yatsa ya zagaye sandar, kada ka bar shi gefe ɗaya da sauran yatsu don haka ƙarfe ke suɓucewa ya faɗo a ƙirji ko wuya. Kar ka yi mai nauyi ba mai tsaya maka.

Dedlif kuma a daina fizga. Sandar ta kasance a tsakiyar ƙafa, ka sunkuya ƙwaurinka ya taɓa ta, ka miƙar da gadon baya, ka ja a hankali har ka ji ɗan ƙas ɗin nan na sanda ta tokari faifai, sannan ka tura ƙasa da ƙafa, ƙarfen yana gogar jikinka har sama. Ɗora shi a cinya ana turawa kaɗan kaɗan haramun ne a gasa. Wani abu da mu masu ƙarfen siminti da tsofaffin kayan mota ba mu lura da shi, faifan gasa faɗinsa santimita 45 ne, namu sau da yawa bai kai ba, sai sandar ta yi ƙasa da yawa bayan mutum ya lanƙwashe dole. Sa katako ko bulo a ƙarƙashi ya ɗago ta. Kuma ka kai su sikeli ka san ainihin nauyinsu.

Sai babbar cutar, gwada ƙarshen ƙarfi kullum saboda ana kallo. Yawancin aikinka ya zama nauyin da za ka iya sau uku zuwa biyar da tsabta kuma kana jin da saura, ka riƙa ƙara kilo biyu da rabi, ka rubuta a littafi. Ka yi barci, ka ci wake da ƙwai da kifi da nono da awara. Allurar ƙara ƙarfi da wasu ke raɗa maka a bayan gidan ɗaga ƙarfe kuwa tana taɓa hanta da zuciya har da haihuwa, kuma IPF tana gwaji ta dakatar da wanda aka kama.

Yaron nan na ce ya koma kilo 110, ransa ya ɓaci kwana biyu bai yi min magana ba, amma ya dawo. Satin da ya wuce ya yi 140 sau uku har ƙasa, muka tsayar da bidiyon a wurin da ya fi sauka muka duba ƙugun tare.