Kurakuran da muke yi wajen rage ƙiba idan ciwo ya hana mu motsa jiki

Duk wanda ya taɓa zama gaban likita aka ce masa ya rage ƙiba alhali da ƙyar ya tako daga bakin ƙofa zuwa kujera, ya san yadda maganar take sauka a zuciya. Ni dai shekara biyar kenan ina fama da amosanin gaɓɓai, gwiwa biyu da ƙugu, akwai ranakun da ko banɗaki sai da sanda, kuma yawancin kurakuran nan da kaina na yi su kafin na gane.

Na farko shi ne mutum ya sa wa ransa cewa tunda ba zai iya motsa jiki ba to shikenan, ba mafita. Ba haka ba ne. Kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da jiki yake ƙonawa a rana, kana kwance ma yana ƙona shi, zuciya na bugawa, hanta da ƙwaƙwalwa na aiki, ana numfashi. Sai dai buƙatarka ba ta kai ta mai zirga-zirga ba, saboda haka abin zai tafi a hankali. Idan masu lafiya na sauke rabin kilo zuwa kilo 1 a sati, kai ko kilo 1 ka sauke a wata ci gaba ne.

Babban kuskuren da ya fi ci min rai kuwa shi ne horon kai da yunwa. Na taɓa yin wata guda ruwan shayi kawai nake sha da safe, ba na sake sa komai a baki sai dare, sikeli kuwa ya sauka har ina murna, sai ga shi wata rana na dafa hannun kujera zan miƙe cinyoyina suka kama rawa na koma na zauna. Ashe ba kitse kaɗai na zubar ba, har da tsoka. Jikin da ba ya motsi dama can tsokarsa zagwanyewa take yi, in ka haɗa masa da yunwa ka ƙara mata gudu, kuma ita ɗin ce take ɗaga ka daga gado, ita take riƙe gwiwar da ke ciwon. Ga kuma tsakuwar maɗaciya da ramewar gaggawa ke jawowa. Gyaran shi ne a rage kaɗan, kamar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 300 zuwa 500 a rana, kuma kowane cin abinci a samu furotin a ciki, ƙwai ko kifi ko kaza ko wake ko madara. Babban mutum na buƙatar aƙalla giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 80 yana neman wajen giram 64, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Wanda ya daɗe a kwance har gyambon kwanciya ya fara fito masa, shi kam rage abinci ba nasa ba ne yanzu, sai ya warke tukunna. Mai ciwon ƙoda kuma don Allah kada ya ƙara furotin da ka, likitansa ne zai yanke masa adadi.

Sai maganar magunguna, wadda mutane ke mantawa da ita gaba ɗaya. Prednisolone na buɗe ciki ya kuma tara ruwa a jiki, insulin, amitriptyline, pregabalin da gabapentin duk suna iya ƙara nauyi, to sai mutum ya yi ta zargin kansa da rashin haƙuri alhali ƙwayar da yake haɗiya ce ke tura shi. Wasu kuma da sun gane haka sai su ajiye maganin, wannan ya fi haɗari, musamman prednisolone da ba a yanke shi lokaci guda idan an daɗe ana sha. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, in ya rage abinci bai rage magani ba suga zai iya faɗuwa, gumi da karkarwa da jiri har suma. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, shi ma in ya tashi rana ɗaya ya cika faranti da ganyaye zai iya dagula aikin maganin. Kafin ka canza cin abincinka ka kwashi duk magungunan a leda ka kai wa likita ya gani da idonsa.

Ka ji ana cewa a Birtaniya an yi wani bincike mai suna DiRECT, da aka fitar da sakamakonsa a 2017, inda kusan rabin masu ciwon suga da aka ɗora kan cin kalori wajen 850 a rana na wata uku zuwa biyar suka samu suga ya daidaita bayan shekara ɗaya. Gaskiya ne, amma a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi shi, tun ranar farko aka daidaita musu magunguna. Ba abin da za ka kwaikwaya kai kaɗai a ɗaki ba ne.

Wani wurin da muke faɗawa, muna ta lissafin abin da ke cikin faranti mun bar na kofi da na tukunya. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, gwangwanin lemo ɗaya kuwa sukarinsa ya kai giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau kada a wuce wajen giram 25 a yini. Ni abin da ya fi cutar da ni ɗan teburin gefen gadona ne, biskit da lemo da 'yan dubiya ke kawowa, hannu na kai wa gare su ba don yunwa ba, don zaman kaɗaici da raɗaɗi da rashin barci, kuma daren da ban yi barci ba washegari ci ba ya isata. Da na sa aka kwashe su aka bar gorar ruwa kawai, rabin matsalar ta tafi. Idan wani ne yake maka girki, to da shi za a yi zaman, a nuna masa cokalin awon mai, don sau tari ƙauna ce take sa shi ƙara maka.

Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake talla a intanet, ku rabu da su. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne yake fita, kuma an sha kama wasu da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Haka kuma kada a sa buri mai nisa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka ya isa ka ga sauƙi a hawan jini da suga, kuma kowane kilo 1 da ya tafi, kusan kilo 4 ne ya ragu daga abin da ke sauka a kan gwiwa a kowane taku. Ɗan motsin da jiki ya yarda da shi, ɗaga ƙafa a zaune, matse cinya a kwance, a riƙe shi don tsoka, likitan gashin ƙashi zai nuna wanda ya dace.

Shi kuma sikeli, sau ɗaya a sati ya wadatar, da safe kafin a ci komai, wanda ba ya iya tsayuwa a kai ya auna ƙugunsa da tef ɗin tela. Mai ciwon gazawar zuciya kuwa zai riƙa hawa kullum, kuma idan ya ga ƙarin kilo 2 cikin kwana uku, ga ƙafa ta kumbura ga numfashi na sama-sama, wannan ruwa ne ya taru ba kitse ba, asibiti zai nufa ranar ba rage abinci ba.