Darasi: Madatsar Ruwa da Mutanen Gangaren Kogi

A shekarar 1974 aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Duk wanda ya bi ta Kura ko Kadawa da rani ya ga amfaninta: tumatir da alkama da shinkafa, kore shar, alhali ko ɗigon ruwan sama babu.

To, amma kogin bai tsaya a Kadawa ba. Yana gangarawa Haɗeja, ruwansa ya kai har Nguru da Gashuwa. Mutanen can ma da shi suke ci.

A da, in damina ta yi nisa, kogi kan cika ya malale fadamu. Kifi ya shiga ya yi ƙwai. Manomi ya samu shinkafa, in ruwa ya janye kuma ya shuka wake a danshin da ya bari. Makiyayi ya kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa. Da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, sai malalar nan ta ragu.

Yanzu kaɗan-kaɗan ake sakin ruwa, rani da damina, hanyarsa ba ta bushewa. Abin da ciyawar kacala take so ke nan. Ta fi mutum tsawo, ta cunkushe har kwalekwale ba ya ratsawa. Ta toshe hanyar ruwa, gonar wani ta nutse, ta wani ta ƙone da fari. Tsuntsayen jan-baki kuma a cikinta suke kwana, gari na wayewa su sauka kan shinkafa. Masunci da manomi a nan sun yi asarar da ba su ji ba ba su gani ba.

Akwai kuma waɗanda tafki ke cinye wa gida da gona. A madatsar Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoma sun tare hanya suna neman diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka.

Saboda haka in za a gina madatsa aka zo awon gonarka don biyan diyya, ɗan'uwa, ka tsaya a kai da ƙafarka. A ƙirga kowace bishiya, mangwaro ko ɗorawa, a rubuta a gabanka. Kada ka dangwala yatsa sai ka karanta, ko wanda ka yarda da shi ya karanta maka.

Aiki: Rubuta sunan kogin da ya fi kusa da garinku. Tambayi wani dattijo inda ruwansa yake kaiwa a da, ka rubuta amsarsa cikin jimla uku.