Yadda za ka yi ban ruwa a layin kanal ba tare da ka ƙona na ƙasa da kai ba

Toh 'yan uwa manoman rani, musamman mu na yankin Kura, Bunkure da Garun Malam da muke sha daga dam ɗin Tiga, maganar rabon ruwa ce yau. Na san da yawanmu da an ce ƙa'idar ruwa sai rai ya ɓaci, wai ruwan Allah ne wa zai hana ni. Gaskiya ne na Allah ne, amma tun 1974 aka gama dam ɗin nan, gonaki sai ƙaruwa suke, kanal kuwa faɗinsa ɗaya ne bai ƙaru ba, kuma ruwan da ya wuce mu shi mutanen Auyo da Haɗejiya suke jira har ya kai fadamun Nguru.

Abu na farko, tun kafin dashe ka je wajen shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku ka san ranarka, ka biya kuɗin ruwa ka karɓi rasit. Ka ajiye rasit ɗin nan da kyau, ranar rigima shi ne bakinka.

Sai gyaran fangali, nan ne ruwa ya fi salwanta wallahi. In fangalinka bai daidaita ba, gefe ɗaya ya zama tafki ɗaya gefen kuma ƙasa a bushe, sai ka ga mutum ya bar ruwa yana ta kwarara wai yana jiran ya kai can ƙarshe, alhali na farkon ya riga ya nutse. Ka yi fangali ƙanana, ka baje ƙasar da fartanya sosai, ka ɗaga kunya. Wahalar kwana biyu ce amma za ka ga bayin, wato ban ruwan, da kake yi a wuni guda ya koma na rabin wuni, mai injin ban ruwa kuma ya san abin da rabin wuni yake nufi tunda aka cire tallafin fetur a 2023.

Kafin ka buɗe ruwa, tona ƙasa kamar zurfin tafin hannu ka damƙo. In ta dunƙule ba ta wargaje ba, ka bari sai gobe ko jibi. Tumatir ba shinkafa ba ne, yawan ruwa yana ruɓar masa da saiwa, in kuma ka bar shi ya sha ƙishi sannan ka ambaliya masa lokaci guda sai 'ya'yan su tsage, ka kai kasuwar Kwanar Gafan dillali ya taya maka a wulaƙance. Kuma ka lura da gonakin da ruwa ke kwana a cikinsu, za ka ga wani fari-fari kamar kanwa ya fito a sama, to wannan gonar ta fara gajiya kenan. Albasa kuwa a yanke mata ruwa kamar sati biyu kafin cira, in ba haka ba ba za ta ajiyu ba.

Bayi da sassafe ko bayan la'asar. In kana da ragowar ciyawar shinkafa bayan casa, shimfiɗa ta tsakanin layuka, tana riƙe danshi.

Yanzu maganar da ba a so. Baba na saman layi, don Allah idan lokacinka ya cika ka rufe. Toshe kanal da buhun ƙasa cikin dare ko fasa gefen siminti don ka saci hanya, ai wanda ke wutsiyar layi shi ke kwana yana gadin ruwan da ba zai zo ba, kuma kanal ɗin da ka fasa kai zai fara cinye wa gona. Ni kaina shekarun baya na taɓa asarar rabin tattasaina a kan haka, kwana tara ba ɗigo, wanda ya tare ruwan kuma sahunmu ɗaya a masallaci.

Ranar gayyar yashe kanal ka fito da kanka, kar ka turo ƙaramin yaro da shebur ya tsaya yana kallo. A kwashe yashi da leda, a cire ciyawar kachalla tun tana ƙarama har saiwa, don in ta kafu sai ka tambayi mutanen Haɗejiya yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. Masu rijiyar burtsatse da sola kuma, kar don rana kyauta ce ka bar famfo yana zuba tun safe har magariba, ka cika fangali ka kashe, in ruwan ya fara fita da yashi ko yana yankewa ka ba rijiyar hutu zuwa washegari.