Yadda Ake Kiyaye Iyakar Ƙurar Silika a Wurin Gini

Silika tana cikin yashi, dutse, kankare, bulo da tayil, kuma ba ta cutarwa sai an yanka su, an huda ko an goge, domin a lokacin ne take tashi ta zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ta shige can cikin huhu. Tabon da take bari shi ne silikosis, cutar da ba ta warkewa, kuma tana buɗe ƙofa ga tarin fuka da ciwon dajin huhu.

A 2016 hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ƙayyade cewa kada ƙurar ta wuce maikirogiram 50 a kowace kyubik mita ta iska, idan aka ɗauki matsakaicin aikin awa 8, kuma tun daga maikirogiram 25 ake buƙatar ɗan kwangila ya fara sa ido. Birtaniya da Tarayyar Turai sun tsaya a 100. Tun da wannan adadi ba ya aunuwa da ido, dabarar ita ce a kashe ƙurar tun daga inda take tashi.

Fara da ruwa. Injin yankan bulo ko tayil ya kasance da bututun da ke zuba ruwa a kan bakinsa muddin yana juyawa. Jiƙa bulon sau ɗaya kafin yanka ba ya wadatarwa, kuma a nan ne magina da yawa suke ruɗin kansu. Inda ruwa ba zai yiwu ba, a sa wa injin murfin da ke haɗe da na'urar zuƙe ƙura mai mataci. Kada a share busasshiyar ƙura da tsintsiya, kada kuma a hure ta da iskar kwamfiresa, sai dai a kwashe caɓin tun yana ɗanye.

Takunkumi shi ne mataki na ƙarshe, kuma dole ya zama na tace ƙura kamar N95, wanda ya zauna daram a fuska, domin ƙyalle ko rawani ba ya tare wannan ƙura mai laushi yadda ya kamata. Dokar OSHA ta kuma wajabta rubutaccen tsarin rage ƙura da mutum guda mai kula da shi, sannan duk ma'aikacin da aikinsa ke buƙatar takunkumi kwana 30 ko fiye a shekara, a yi masa hoton ƙirji da gwajin numfashi duk shekara 3, a kuɗin mai aiki.