Kurakuran Da Kwamitocin Rukunin Gidaje Ke Yi A Taron Intanet

Tun kullen korona na 2020 kwamitocin mazauna rukunin gidaje da dama suka koma yin zamansu ta Zoom ko Google Meet. An samu sauƙi, babu shakka. Sai dai a irin wannan zama ne ake yanke kuɗin masu gadi da na dizal da na gyaran rijiyar burtsatse. Magana ce ta aljihun mutane, kuma duk wanda bai gamsu da hukuncin ba zai je neman inda aka karya ƙa'ida.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar shiru a matsayin amincewa. Shugaba zai ce, "Akwai mai ja?" Ya ji tsit, sai ya ce an zartar. Alhali ma'aji makirufonsa a kashe yake, Hajiya sabis ya ɗauke mata, wani kuma ya ajiye wayar ya tafi masallaci. Bayan mako guda a fara karɓar sabon kuɗi, rigima ta tashi, kowa ya ce bai san da zancen ba. Maganin abin shi ne sakatare ya kira sunan kowane mamba ɗaya bayan ɗaya, mutum ya ce eh ko a'a da bakinsa, a rubuta. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ce ma. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024 ta yarda kwamiti ya yi zamansa gaba ɗaya ta intanet, amma da sharaɗin a kira suna wajen ƙuri'a, a ba mutum damar shiga ta kiran waya kawai, sannan takardar gayyata ta zo da lamba da imel na wanda zai taimaka wa duk wanda ya kasa shiga. Dokar ba ta hau kanmu ba, amma tsarin ya cancanci a ara.

Haka ma ƙirga mahalarta. Ana ƙirgawa a farkon zama a ga adadin da tsarin mulkin ƙungiya ya gindaya ya cika, shi ke nan a manta. Kafin a zo ƙuri'a mutum uku sun fita. A sake ƙirgawa kafin kowace ƙuri'a, in adadin bai kai ba a dakata.

Shi kansa tsarin mulkin, mutum nawa ne suka buɗe shi? Ƙungiyar da ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, tana da nata kundin, kuma wanda aka rubuta shekarun baya zai yiwu bai ambaci taron intanet ba sam. A duba. In babu, a bi hanyar da kundin ya tanada a gyara shi tukuna.

Sai ƙananan abubuwa. Kada a jefa adireshin shiga taro a zauren WhatsApp saura minti goma. A tura shi kwanaki kafin ranar, haɗe da ajanda da bayanin kuɗin da za a tattauna. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, don haka ko dai ƙungiya ta biya, ko a fara da magana mafi nauyi. A kuma kauce wa tsakanin Magariba da Isha.

Batun waɗanda ake bi bashi yana buƙatar hattara ta musamman. Ba daidai ba ne a karanta sunan maƙwabci da abin da ake bin sa a zaman da kowa ke ciki, ana naɗar murya, kuma ba a san wanda ke zaune kusa da kowace waya ba. Wataƙila mutumin aiki ya rasa ko jinya yake yi. A ware wa wannan zama na 'yan kwamiti kaɗai da wani adireshin shiga dabam, a kashe naɗar murya, a rubuta hukuncin da aka yanke kawai.